Lanƙwasar Ƙ da Ɗigogin Allo: Tarihin Haruffan Hausa a Fuskar Kwamfuta Daga Garwa

A makarantar allo kaifin rubutu yana hannun mai fiƙe alƙalami. Idan ya gyara bakin karan da kyau, ya dama tawada daidai, ɗigo ɗaya ba zai haɗe da ɗan'uwansa ba, kuma almajiri zai rarrabe kowane baƙi ko da hasken wutar kara ne. Da kwamfuta ta zo, Bahaushe ya ara wa fuskarta wannan suna, ya ce allo. Sai dai wannan sabon allo ba shi da alƙalami. Abin da yake da shi ɗigogin haske ne ƙanana, jere a layuka, waɗanda masana ke kira fiksel, kuma duk harafin da ido ya gani a kansa an gina shi ne da waɗannan ɗigogi, kamar yadda mai ɗinkin hula ke fitar da zane da sukar allura ɗaya bayan ɗaya. Yawan ɗigogin, a kwance da kuma a tsaye, shi ne abin da masu gyaran kwamfuta ke ce wa rezolushan. A wannan rubutu za mu kira shi kaifin allo.

Ɗalibin Hausa yana da dalili na musamman na sanin wannan al'amari, domin a rubutunmu na boko bambancin ma'ana yakan rataya ne a kan 'yar lanƙwasa. Ita ce ta raba baki da baƙi, da kafa da ƙafa, da fada da faɗa, da bata da ɓata. A allon da ba shi da kaifi, wannan lanƙwasa ɗigo biyu ce ko uku, wani lokaci ma ba ta samun ko ɗaya.

Garin da ya dace a kalli wannan tarihi daga cikinsa shi ne Garwa, hedikwatar Yankin Arewa na ƙasar Kamaru, a bakin kogin Binuwai. Garwa na cikin lamidancin da suka tashi a ƙarƙashin tutar Modibbo Adama, wanda ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a wajajen 1809, ya kuma kafa Yola a 1841. Fatake Hausawa sun bi sawun wannan daula da fataucin hauren giwa da tufafi da goro, suka zauna, har ga shi yau akwai unguwar da ake kira Hausare a garin, da wata mai suna Yelwa. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ta bar Yola a hannun Ingilishi, ta miƙa mafi yawan ƙasar Adamawa ga Jamusawa, waɗanda suka kama Garwa a 1901. A watan Yuni na 1915 sojojin Ingila da na Faransa suka ƙwace ta, daga baya ta zauna a ɓangaren Faransa har zuwa samun 'yancin kai ranar 1 ga Janairu, 1960, a ƙarƙashin Ahmadu Ahijo, wanda shi kansa haifaffen Garwa ne. Sakamakon haka shi ne garin da Fulatanci ne harshen kasuwa, Hausa na biye da shi, Faransanci kuma shi ne harshen ofis da makaranta da na'ura. Fulatanci da Hausa sun yi tarayya a haruffa masu lanƙwasa, Faransanci kuwa bai san su ba sam.

Yadda lanƙwasa ta samu

Turawan da suka fara rubuta Hausa da baƙaƙen Romawa sun daɗe suna kai-kawo a kan yadda za su nuna sautukan da babu su a harsunansu. Wasu suka riƙa sa ɗigo a ƙarƙashin b da d da k, wasu suka riƙa liƙa musu waƙafi a gefe. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa na rubutu a 1912, amma maganar ba ta zauna ba sai a shekarun 1930, lokacin da Dokta Rupert East da Hukumar Talifi ta Zariya suka tsaya a kan ɓ da ɗ da ƙ. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a watan Janairu na 1939, ita ta shigar da su lungu da saƙo. Ya kamata a yaba wa wannan zaɓi, ko da yake waɗanda suka yi shi ba su taɓa mafarkin kwamfuta ba. Da an tsaya a kan ɗigon ƙasa, da wahalar ta fi haka, domin ɗigo ɗaya tak shi ne abu na farko da allo marar kaifi ke haɗiyewa.

A ɓangaren Faransa kuwa ba a bi wannan hanya ba. Ma'aikatan mulkin mallaka sun rubuta sunaye yadda kunnensu ya ji, da ƙa'idar harshensu. Fulɓe ya koma Foulbé, laamiiɗo ya koma lamido, Garwa da Marwa suka koma Garoua da Maroua. Har gobe za ka ga Bahaushen Kamaru ko na Nijar da ya yi makarantar Faransanci yana rubuta ou a gurbin u, da tch a gurbin c. Gyaran ya fara ne da taron da hukumar UNESCO ta kira a Bamako a 1966 don daidaita rubutun wasu manyan harsunan Afirka ta Yamma, cikinsu har da Hausa da Fulatanci. A can aka amince wa Fulatanci da ɓ da ɗ da ƴ da ŋ. A watan Maris na 1979 masana harsuna a Yawunde, bisa jagorancin Maurice Tadadjeu da Etienne Sadembouo, suka amince da abajada ɗaya ta bai-ɗaya ga harsunan Kamaru, wadda ta ɗauki waɗannan haruffa huɗu. Shekara guda bayan haka, a 1980, aka yi taron Yamai na daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijeriya da Nijar. Abin da ya rage na bambanci a aikace shi ne Nijeriya ta fi rubuta 'y, Nijar kuma ƴ.

A takarda wannan aiki ya yi 'ya'ya a arewacin Kamaru. Masanin tarihi Eldridge Mohammadou, wanda aka haifa a Garwa a 1934, ya bi fadojin lamidai yana tattara tarihin baka, kuma shi da Ahmadou Bassoro suka wallafa littafin tarihin Garwa a 1980. Ƙamus ɗin Fulatanci da Faransanci na Dominique Noye ya fito a 1989. Maɗaba'a ba ta da matsala da lanƙwasa muddin an zuba mata harafin. Matsalar tafireta ce, inda akawu kan buga b ko d sannan ya ɗauki biro ya ƙara lanƙwasar da hannu, in bai manta ba.

Akwatin ɗigo takwas

Allon haske na farko da ya shiga gidajen jama'a a wannan yanki na talabijin ne. Kaduna ta sami tasharta a 1962, Kamaru kuwa sai a 1985. Hoton talabijin na wancan zamani layuka 625 ne, waɗanda 576 daga cikinsu ke bayyana ga ido. Wannan ya ishi fuskar mai karanta labarai, amma ƙananan rubutu a kansa rawa suke yi.

Kwamfutar IBM ta 1981, wadda daga gare ta mafi yawan kwamfutocin ofis suka samo asali, tana da allo iri biyu. Mai launi, wato CGA, iyakar ƙarfinsa ɗigo 640 a kwance da 200 a tsaye, kuma kowane harafi an ware masa akwati mai ɗigo 8 sau 8. Mai karatu ya ɗauki takarda mai gida-gida ya gwada. Layi ɗaya na gefe na tazara ne tsakanin haruffa, layin ƙasa na wutsiyar g da y ne, cikin harafin b ya ci layi biyar, sai layi biyu kacal suka rage wa sandarsa ta sama. A cikin waɗannan layuka biyu ne za a lanƙwasa kan ɓ har ya bambanta da b, kada kuma ya yi kama da lamba 6. Ana iya yi, amma da ƙyar. Sai dai ba a ma kai ga nan ba, domin na'urar gurbin alamu 256 kawai gare ta, an cike su da haruffan Ingilishi da irin su é da ç na Faransanci da zane-zanen layuka, ba a bar wa ɓ ko ƙ wuri ba. Saboda haka sakatare a ofishin gwamna a Garwa yana iya buga wasiƙar Faransanci, amma ba zai iya buga sunan ƙabilar lamidon garin daidai ba.

A nan ya kamata ɗalibi ya tsaya ya rarrabe cuce-cuce da ake yawan cakuɗawa. Harafi yana buƙatar lamba da na'ura za ta san shi da ita. Yana buƙatar a zana surarsa a cikin zubin rubutun da ake aiki da shi, wato font. Sannan yana buƙatar isassun ɗigogi a allo da za su fitar da wannan sura. Idan lambar ta rikice, sai ka ga alamar tambaya ko wasu baƙaƙe marasa kan gado. Idan zubin ne ba shi da harafin, sai ka ga ɗan akwati wayam, ko kuwa ka ga ƙ ɗaya ta fita daban a tsakiyar kalma, ta fi sauran tsawo ko kauri, saboda na'ura ta aro ta daga wani zubin. Idan kuwa harafin yana nan amma kansa ya dushe, har sai ka matso da fuska kafin ka tabbatar ƙasa aka rubuta ko kasa, to wannan ita ce cutar kaifin allo. Wanda ya je yana murɗa saitin allo don maganin ɗan akwati wayam, ya bar jaki yana dukan taiki.

Cuta ta farko an magance ta da tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991. Tun daga farkonsa ya ba haruffanmu lambobi: ƙ ita ce U+0199, ƴ kuma U+01B4, yayin da ɓ da ɗ suka sami U+0253 da U+0257 a rukunin alamomin nazarin furuci. Ta biyun ta ɗauki lokaci. Shekaru da dama malamai da maɗaba'u suna aiki da zubi na gida, wanda aka cire wasu alamu aka cusa ɓ da ɗ da ƙ a gurbinsu, shi ya sa tsofaffin kundayen bincike da yawa in aka buɗe su a sabuwar kwamfuta sai a tarar da baka-biyu da wasu alamu a inda lanƙwasa take. Ƙungiyar SIL, wadda ta daɗe tana aikin harsuna a Kamaru, ta fitar da zubi irin su Doulos da Charis da Andika, da kuma tsarin madannai na harsunan Kamaru wanda ke hawa kan madannan Faransanci na AZERTY da aka fi samu a Garwa.

Ta ukun kuwa lissafi ce zalla. Allon VGA na 1987 yana da 640 sau 480, wato ɗigo 307,200. XGA na 1990 ya kai 1024 sau 768, ɗigo 786,432. Da irin waɗannan allunan masu ƙusumbi aka buɗe shagunan intanet bayan da intanet ta shigo Kamaru a 1997. Tsarin Windows yana ƙaddara cewa kowane inci na allo ɗigo 96 ne, don haka rubutu mai girman maki 12 yana samun ɗigo 16 daga sama zuwa ƙasa, mai maki 9 kuma 12. Kwatanta wannan da firintar lesa ta 1985, mai ɗigo 300 a inci, wadda ke ba rubutu mai maki 12 ɗigo 50. Wannan ne dalilin da ya sa lanƙwasar da ta dushe a allo takan fito sarai a takarda, kuma shi ya sa tsofaffin masu gyaran rubutu ba su yarda su duba kuskure a fuskar kwamfuta ba sai an buga musu. Fasahar ClearType, wadda ta zo da Windows XP a 2001, ta rage matsalar ta hanyar amfani da kashi uku na kowane ɗigo, ja da kore da shuɗi, don santsin gefen harafi.

Wayar hannu ta ƙara nata. Nokia 3310 ta shekarar 2000 allonta 84 sau 48 ne, ɗigo 4,032 gaba ɗaya. Ban da ƙarancin ɗigo akwai maganar kuɗi: saƙon tes yana ɗaukar alamu 160 in an tsaya a kan haruffan Turai, amma da zarar harafi ɗaya irin ƙ ya shiga, sai ya koma 70. A ganina wannan ya taimaka ƙwarai wajen raino wani zamani na marubuta da suka saba da yar da lanƙwasa, har suka ɗauka ado ce. Na'ura ta daina tilasta musu tuntuni, tun da iPhone 4 ta 2010 ta kawo ɗigo 326 a inci sauran wayoyi suka bi, amma hali zanen dutse.

Ajami ya fi shan wuya

Duk abin da aka faɗa game da boko, na ajami ya ninka shi. A rubutun da malaman Garwa da Yola da Kano suka gada, fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗaya a sama, saɓanin rubutun Gabas. Wasalin e ɗigo ne mai kauri a ƙarƙashin baƙi, wanda aka aro daga imalar ruwayar Warshu. Sautin ts ana nuna shi da ɗigo uku a kan baƙi. Rubutu ne da ma'anarsa ke tafiya a kan ƙidayar ɗigo, kuma a ƙaramin girma ɗigo uku sukan dunƙule su zama tabo ɗaya. Unicode ya ƙara fa da ƙaf da nun irin na Afirka a 2016, ya kuma ƙara wasu baƙaƙen da Hausa ke buƙata a 2020. SIL ta fitar da zubin Alkalami, wanda aka zana bisa salon rubutun Kano, a 2017.

Ga mai nazarin tsofaffin takardu akwai wani kaifin da ya fi na allo muhimmanci, wato na hoton da aka ɗauka. Taskoki irin Ɗakin Karatun Ajamin Afirka na Jami'ar Boston, wanda Farfesa Fallou Ngom ke jagoranta, suna ajiye hotuna masu ɗimbin ɗigo don mai bincike ya iya faɗaɗa shafi har ya ga sawun alƙalami. Ɗalibin da ya ɗauki hoton waƙar ajami a zauren wani malami, ya tura wa abokinsa ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar za ta matse shi ta zubar da ɗigogi masu yawa. Abin da ya zube kuwa babu allon da zai dawo da shi, komai tsadarsa. Sai a tura shi a matsayin fayil.

Ƙaramin allo a hannun ɗalibi

Arewacin Kamaru ya sami jami'o'insa a jere: Ngaundere a 1993, Marwa a 2008, Garwa a 2022. Kundin tsarin mulki na 1996 da dokar ilimi ta 1998 sun ambaci raya harsunan ƙasa. A 2016 Shugaba Paul Biya ya yi alkawarin raba kwamfutocin tafi-da-gidanka 500,000 ga ɗaliban manyan makarantu, aka ƙera su a ƙasar Sin, aka fara rabo a ƙarshen 2017. Ƙanana ne, allonsu bai wuce inci 10 da ɗan abu ba. An yi ta muhawara a kan kuɗin da aka kashe da ingancin na'urorin, wannan ba hurumin rubutunmu ba ne. Abin da ya shafe mu shi ne, ƙaramin allo yana jefa mai shi cikin wani kuskure da ke da asali a tarihi.

A zamanin allo mai ƙusumbi, wanda rubutu ya yi wa ƙanƙanta yakan rage kaifin allo, ya sauko daga 1024 sau 768 zuwa 800 sau 600, sai komai ya ƙara girma. Wannan dabara ta yi aiki a lokacin, domin allon ba shi da ɗigogi kafaffu, harshen haske ne ke share fuskarsa layi-layi, yana iya canza yawan layukan. Allon yau mai faɗi, wanda ake kira LCD, ɗigoginsa a kafe suke tun daga masana'anta. In an ƙera shi da 1920 sau 1080, to ɗigo 2,073,600 gare shi, ba ƙari ba ragi. Idan aka umarce shi ya nuna 1366 sau 768, dole ya shimfiɗa kowane ɗigo na hoto a kan ɗigo ɗaya da ɗan guntu na gilashi, sai ya cike giɓin da launin toka-toka. Haruffa za su yi girma, gaskiya ne, amma gefensu zai yi hazo, kuma siririyar lanƙwasa ita ke fara narkewa. Idan kuma aka zaɓi ma'aunin tsohon allo mai siffar 4 da 3 a kan sabo mai siffar 16 da 9, sai haruffa su baje su yi ƙiba. Haka kan faru a ɗakin lacca in an haɗa sabuwar kwamfuta da tsohon majigi.

Abin da ya dace shi ne a bar kaifin a kan adadinsa na asali, a ƙara ma'aunin girma. A Windows ana danna maɓallin dama na linzami a fili, a shiga saitin allo, wanda a kwamfutocin Garwa za a tarar an rubuta Paramètres d'affichage. A nan akwai gurbi biyu. Na kaifi a bar shi a kan lambar da na'ura ta nuna ita ce shawararta. Na ma'aunin girma, Mise à l'échelle, shi za a ɗaga zuwa kashi 125 ko 150 cikin ɗari. Da kashi 150, harafin da yake da ɗigo 16 zai sami 24, wato an sake zana shi ne da ƙarin ɗigogi maimakon a ja shi kamar roba. In an taɓa gurbin kaifi bisa kuskure allo ya rikice, Windows yakan jira daƙiƙa 15 ya mayar da saitin da yake a da.

Lambar kaifi ita kaɗai ba ta gaya maka komai sai an haɗa ta da faɗin allon. 1920 sau 1080 a kan inci 24 ɗigo 92 ne a inci, amma a kan inci 15.6 kusan 141 ne, yayin da 1366 sau 768 a kan wannan inci 15.6 ɗin yake ba da kusan 100. Mai sayen kwamfutar hannu a kasuwar Garwa ko ta Yola don aikin kundin digiri sai ya buɗe shafin rubutu tun a shago, ya buga ɓaɓɓake da ƙaiƙayi da ɗaɗɗaure, ya ƙara da ɓiɗɗo da ƴiiƴam na Fulatanci, ya sa su a maki 10, sannan ya ja da baya daidai inda zai riƙa zama ya duba.